Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shantun da ya ƙetare zaure

Makon jiya na tsaya inda Baffa ya sauke ni a Samaru da akwatin ƙarfe. Zancen karatu ya dakata tukuna, akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Gwaggo Babba kullum cewa take shantu ba ya ƙetare zaure. Ita kuwa ta koya mini kaɗa shi, a cinya da tafin hannu, tun ban isa ɗaurin ƙirji ba.

A 1976, shekarar da aka kashe Murtala, mu Hausawa a Amina Hall, ɗakin kwanan ɗalibai mata na Jami'ar Ahmadu Bello, 'yan tsiraru ne. 'Yan matan da suka fito daga makarantun mishan sun zo da waƙar coci mai murya huɗu, har da karanta ta a takarda. Mu 'yan kwalejin horon malamai mata, gaɗa muka iya, ita ma a bayan ɗakin kwana. Ana ta haramar FESTAC ta 1977, bikin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya, kowace ƙabila a jami'a tana baje nata. Mazanmu suka ce za su ɗauko makaɗa daga cikin birnin Zazzau, mu mata mu yi tafi. Na ce wallahi ba da ni ba.

Mu shida muka je kasuwar Sabon Gari muka sayo ƙorai. Babbar muka kifa a bahon ruwa, don ita ke ba da amon ƙasa, ƙananan a kan tabarma, ni da shantu ina bayar da waƙa suna amshi. Ɗakin taro ya yi tsit, sannan ya ɓarke da tafi.

Ɗan Kawu, da ke karatun lauya a Kongo, shi ya kai gida cewa na yi rawa a gaban maza. Ban yi rawa ba. A zaune nake, da lulluɓina. Gwaggo ta aiko a ce mini, "'Yar nan, na faɗa miki inda shantu ke tsayawa." Ranar kamuna, shekara huɗu bayan nan, ta zo, amma hannu rabbana. Har ta rasu ban sake jin kiɗanta ba, Allah ya jiƙanta.

Shi kuwa ɗan Kawu, yau jikarsa ke waƙa a TikTok, shi ke tura wa dangi.

Mako mai zuwa sai zancen zanga-zangar ɗalibai ta 1978, in Allah ya kai mu.