Kayan gyaran babur ɗin dusar ƙanƙara: na kamfani ko na kasuwa?

Hunturu uku ke nan ina hawan babur ɗin dusar ƙanƙara ƙirar Ski-Doo a Kwibek ta ƙasar Kanada, kuma na gwada kayan gyaran da ba kamfanin ya ƙera ba. Shakazoba mai tsada, wadda ake kwancewa a canza mata mai a sake cika ta da iskar naitirojin, ta ba ni mamaki, domin har yanzu ba ta yi yoyo ba. Boris ɗin ƙananan tayoyin kuwa, da na saya don arha, ruwa ya shige su suka fara ƙara kafin watan Maris. Robar da bel ɗin da ke jan babur a kan dusar ke gogawa kuwa, idan ta cinye ba laifinta ba ne. Dusar ce ke sanyaya ta, idan hanya ta daskare sai robar ta cinye.