Kiryar da hoton sama bai nuna ba

Hotunan tauraron ɗan adam na ƙarshen damina aka miƙo mana, an riga an zagaye wuraren da suka fi kore, aka ce mu je kudancin Maraɗi, gefen dajin Baban Rafi, mu tantance filayen da suka sake tofowa waɗanda suka cancanci a killace.

Filin da ya zo na ɗaya a jerin, da muka isa, sabara ce da geza cunkus, sai darbejiya nan da can. Ban raina sabara ba, ita ke riƙe ƙasa ta ba matan ƙauye makamashi. Amma ko an sare ta, baɗi za ta dawo ba tare da kowa ya tsare ta ba.

Wani dattijo ne ya ce da ni, "Ɗana, in iccen kirki kuke nema, ku biyo ni." Na ce, "To, Baba, muna bayanka." Ya kai mu wata tsohuwar saura da hoton ya nuna kamar faƙo. Gawo ne ya fi yawa a cikinta, shi kuwa da damina yake zubar da ganye, shi ya sa daga sama ba a ga komai ba. A tsakanin gawon ga kututturan kirya masu rai suna fitar da tofo, ga ƙananan kanya da aduwa, ga kuma uwayen kirya tsofaffi da ke zubar da iri. Kirya ba ta saurin girma, kuma masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun kusa ƙarar da ita a yankin.

Na rubuta rahoto, na roƙi a sa saurar a gaba. Aka ce ba ta cikin taswira, a jira zagaye na biyu. Kafin lokacin ya zo, masu gawayi sun kwantar da uwayen kiryar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin tofon zai iya girma, amma icen da ke ba da iri sai an yi shekaru masu yawa kafin a sake samun irinsa.

Sassaben zamani, wato barin tofon kututture a gona a kula da shi har ya zama icce, wanda masanin noma Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983, ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma daga kututture ya soma. Don haka duk wanda zai yi wannan aiki ya nemi hoton rani ya haɗa da na damina, ya taka da ƙafa, ya ƙirga ire-iren itatuwa, ya kankare ɓawon kututture ya ga ko ɗanye ne. In ya ga uwar iri, ranar nan ya je wurin maigari, kada ya jira takarda. Abin da ya rage a saurar nan, mutanen garin ne ke gadinsa yanzu, kuma sun hana a kai masa gatari.