Godiya, kafin barci ya ɗauke ni

Alhamdulillah, Alhamdulillah. An yi bikin nuna kayan sawan da na zana, an gama, an watse lafiya. Yau kwana biyu ke nan amma har yanzu in na rufe ido ƙarar gangar nan nake ji a kaina, ƙafafuna kuwa sun kumbura kamar ba nawa ba. Ba zan maimaita muku labarin wata biyar ɗin nan ba, duk kuna nan kuna gani, da ɗage ranar da aka yi har sau biyu, da zauren da aka hana mu bayan mun gama auna shi, da daren da na rubuta cewa na fasa sai na goge da asuba. Waɗanda suka riga suka ɗauki hoton rubutun, Allah ya shirye ku.

Mutum ɗaya nake so in tsaya a kansa, kuma na san zai yi faɗa in aka karanta masa, don ya ce kar in kuskura in sa shi a waya. Baba Tela, ka yi haƙuri.

Ranar da na fara kai masa zanen kayan, na ce masa Baba riguna ne masu kiɗa, za mu ɗinka ƙananan makirufo a cikin shafi da kalmasa, irin waɗanda ba iska suke ji ba sai motsin abin da suka taɓa, duk takun da yarinya ta yi sautin yadin zai fita ta lasifika mai kiɗa ya ɗora ganga a kai, mai zane kuma yana gefe yana zana abin da yake ji ana haska shi a bango da majigi, 'yan kallo suna tsakiya masu nuna kaya suna ratsa su. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, 'yar nan, riga ce ko rediyo? Na ciro waya na nuna masa bikin mai zanen kaya Alexander McQueen na Landan a 1998, inda mai nuna kaya Shalom Harlow ta tsaya kan faifai mai juyawa sanye da farar riga, hannayen inji guda biyu irin na fentin mota suna fesa mata baƙi da rawaya. Ya ce an yi asarar yadi. Na nuna masa na kamfanin kayan sawa Coperni a Paris a 2022, da aka fesa wa mai nuna kaya Bella Hadid riga a jiki a gaban mutane, ya kau da kai ya ce wannan kam ba da shi ba. Sai da muka zo kan bikin mai zanen kaya Hussein Chalayan a 2000, inda mace ta shiga tsakiyar teburin katako ta ja shi sama ya zama siket, rigunan kujeru suka zama kayan sawa, na ce masa mutumin yana tuna masu gudun yaƙi ne, waɗanda ba sa iya fita da komai sai abin da jiki ya ɗauka. Nan Baba ya yi shiru. Ya ce mayar baya. Sau huɗu ya kalla, abin da ya dame shi kawai yadda aka haɗa zobban katakon suka zauna a ƙugu. Daga ranar ya karɓi aikin, amma bai taɓa daina kiransa shirmen 'yar nan ba.

To daren bikin, riga ta ƙarshe, farar nan mai dogon baya da kuka gani. Saura kamar minti uku ta fita, ƙanwata da ke sanye da ita ta numfasa sai muka ji ɓarrr, zif ɗin ya fashe tun daga wuya har ƙugu, nauyin batir da wayoyi ya ja shi. Laifina ne, ya faɗa min tun a gwaji cewa zif ɗin ba zai ɗauka ba na ƙi ji don na fi son siriri. Wallahi jikina mutuwa ya yi. Bayan labule duhu, ba a kunna fitila saboda hasken majigi, ina jin mutane suna tafi wa rigar da ta gabata, ni kuwa na tsuguna ina kuka kamar yarinya. Baba bai ce uffan ba kan maganar zif. Ya zaro allura daga hularsa, ya miƙo min wayata ya ce, haska min, hawaye ba ya zura zare. Tsoho mai ciwon gwiwa ya durƙusa a siminti ya ɗinke ta a cikin rigar, ɗinkin hannu, yana kauce wa wayar makirufo da ɗan yatsa kar allura ta huda ta. Can wajen kafaɗa ya soke kansa, jini ya ɗiga a farin yadi, na ce shi ke nan. Sai ya tauna guntun zare ya jiƙa da yawu ya murza wurin, tabon ya dushe saura ɗan alama. Hannunsa na rawa amma layin ɗinkin ya miƙe sambal. Da ya cije zaren sai ya ce mata, tafi, kar ki yi dogon numfashi.

Baba, Allah ya saka maka da Aljanna, Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya ba gwiwoyinka lafiya, ya jiƙan mahaifanka da wanda ya koya maka riƙe allura, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Amin ya Rabbi.

Mai gangarmu, kai ma sai da na kalli bidiyo na gane abin da ka yi, ka ja kiɗan da ya kamata ya ƙare har kusan minti bakwai ba wanda ya gane akwai matsala, wasu ma sun ce wurin ya fi burge su. Mai zane da ya ci gaba da jan layi fenti ya ƙare yana shafawa da tafin hannu, yaron lantarki da ya kwana biyu a zauren, 'yan matan da suka yi ta gwaji ƙafa ba takalmi, Allah ya biya ku. Mama, ke da kika ce ba ki gane komai ba amma kika zauna a layin gaba har ƙarshe, na gan ki kina share ido da gefen mayafi.

Kujeru shida na ajiye wa dangi da takarda a manne. Biyu aka zauna. Ba komai, na san kowa da uzurinsa, har da waɗanda suka samu lokacin tambayar Mama wai yaushe zan bar wasan yara in kama ɗinki na gaskiya. Hotuna na nan tafe, za ku gani.

Waɗanda muka ari lasifika da fitilu a wurinsu ku ƙara min kwana biyu. Farar rigar kuma masu tambaya, ba ta sayarwa ba ce. Da reza aka fitar da ƙanwata daga cikinta bayan an watse, Baba ya ƙi yarda kowa ya taɓa, shi ya warware da kansa zare ɗaya ɗaya yana mita, tabon kafaɗar kuma yana nan ban wanke ba.