Saniyar da na hana a yanka a Agege

Dillancin shanu nake yi a Agege. A daminar 2023, bayan an tabbatar da ɓullar ciwon saifa, wato anthrax, cutar dabbobi da ke kama mutane ma, a wata gona a Suleja, likitocin dabbobi suka shigo kara suna neman wanda zai riƙa sanar da su in dabba ta faɗi ba zato ba tsammani. Shugabanninmu suka nuna ni. Aka ba ni lambar waya da ɗan littafin rubutu.

Wata asuba aka sauke tirela daga Arewa. Saniya ɗaya ta durƙusa, cikinta a kumbure, jini baƙi yana zubowa ta hanci, kuma ya ƙi daskarewa. Mai ita ya riga ya kira yaro da wuƙa, a yanka kafin ta zama mushe. Na riƙe hannun yaron. Alhajin ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ka rufa mini asiri, jarina ke nan." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In ciwon nan ne, da an feɗe ta ƙwayar za ta shiga ƙasa, ta yi shekaru da dama a raye." Aka zo aka ɗauki jini, aka binne ta a rami mai zurfi. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau, kuma ban ga laifinsa ba, don sisin kwabo ba a biya shi ba. Muddin mai dabba ne kaɗai zai ɗauki asara, ɓoyewa zai yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, yaron nan ne. Ya taɓa jinin da hannu. Na kai shi wani asibiti, aka tambayi zazzaɓi da ciwon kai, babu wanda ya tambayi sana'arsa sai da na faɗa da bakina. Likitan mutane da littafinsa, na dabbobi da nasa, ruwan mayanka kuwa yana gangarawa kwata babu mai dubawa. Alhali ana ɗibar ruwan kwata a gwada shi don gano shan inna, wato dabarar tana nan. Murar tsuntsaye ma a gonar kaji ta fara bayyana a ƙasar nan, a Kaduna, a 2006, kafin ta kashe wata mata a nan Legas a farkon 2007. Shanunmu wasu daga Nijar da Chadi suke, ba su san iyaka ba.

Yanzu kowace dabba ta faɗi, nakan rubuta garin da aka ɗauko ta, da lambar motar, da sunayen waɗanda suka taɓa ta. Sakamakon gwajin waccan saniyar kuwa, na bi sawunsa sau uku, ba a dawo mini da shi ba. Alhajin ya tambaye ni a gaban mutane, na rasa abin da zan ce masa.