Kwamfuta ta ce saura uku

Yau wani bawan Allah ya shigo shagon da nake aiki yana nuna min waya, wai shafinmu ya ce saura uku na fitilar da yake nema. Na duba kanta, na shiga sito na yi ta ɗaga kwalaye har ƙura ta cika min hanci. Ko ɗaya babu. Sai ya hau ni da masifa a gaban jama'a, wai ɓoyewa na yi.

Ita kwamfuta abin da aka sayar kaɗai take ragewa. Wanda ya fashe, wanda aka sace, wanda ke cikin kwandon wani, duk tana nan tana ƙirga su. Na so in faɗa masa haka. Haƙuri kawai na iya ba shi, muryata na rawa.