Kundin Waƙoƙin da Ƙanena Ya Kawo Mini da Kaka

A kakar bara ƙanena ya dawo hutu daga makaranta a Dutse, ya tarar da mu muna ɗaurin gero a gonar mahaifinmu da ke yankin Haɗeja. Da yamma, bayan mun jera dammuna a bakin rumbu, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, saurari waɗannan mutane, ba irin gambarar zamanin da ka saba ji ba ce."

Sunan kundin Reclaim Australia, wato "A Ƙwato Ostareliya", ya fito a shekarar 2016, kuma aikin mutum biyu ne da ke kiran kansu A.B. Original: Briggs, ɗan ƙabilar Yorta Yorta daga garin Shepparton, da Trials, ɗan ƙabilar Ngarrindjeri, wanda shi ne mai haɗa kiɗan. Dukansu 'yan asalin Ostareliya ne, jikokin mutanen da suka zauna a ƙasar dubban shekaru kafin Bature ya taka ta.

Sunan ne ya fara kama ni. Asalinsa na wata ƙungiya ce ta masu ƙyamar Musulunci, wadda ta yi ta zanga-zanga a biranen ƙasar a 2015 tana iƙirarin za ta ƙwato Ostareliya daga hannun baƙi. Sai waɗannan mawaƙa suka ɗauke sunan suka liƙa wa aikinsu, domin idan ana batun ƙwato ƙasa, kowa ya san wanda aka raba da ita tun farko. Ban taɓa jin habaicin da ya faɗa a kan gaɓa kamar wannan ba.

Waƙar da ta fi tsaya mini a rai ita ce January 26, wadda suka yi tare da Dan Sultan. A wannan rana ce ta 1788 Turawan Ingila suka kafa tutarsu a gaɓar da ta zama Sydney, kuma ita ce ranar da ƙasar ke bikinta duk shekara, alhali ga masu ƙasar ranar makoki ce. Da na fahimci haka sai na tuna 1906, shekarar da sojojin Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa. Har yau idan dattawanmu suna ba da labarin, muryarsu sauyawa take yi. Yaya za mu ji a ce a wannan rana ake kaɗa mana gangar murna?

Amma tasu ta fi tamu ciwo. Mu Turawa sun tafi a 1960 sun bar mu da gonakinmu. Su kuwa doka ta ɗauki ƙasarsu a matsayin wadda ba ta da mai ita, har sai da babbar kotun ƙasar ta rushe wannan da'awa a shari'ar Mabo ta 1992. A ƙauyenmu, idan garma ta cinye taku ɗaya daga layin gambar da ke raba gona da gona, sai magana ta kai gaban mai gari.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, wato yawan ashar, wanda ya sa ba na kunna shi a gaban iyaye ko yara. Duk da haka na ji nauyin muryar dattijo Archie Roach da aka buɗe kundin da ita, mutumin da hukuma ta raba da iyayensa yana ƙaramin yaro. Kundin ya ci babbar kyautar kiɗa ta Ostareliya ta 2016, kuma a 2017 gidan rediyon Triple J ya sanar da ɗauke shahararren shirinsa na zaɓen waƙoƙin shekara daga ranar 26 ga Janairu.

Kafin ƙanena ya koma Dutse, na sa ya tura mini kundin gaba ɗaya a wayata. Washegari da sassafe na bi layin gambar gonarmu tun daga gindin kuka har bakin fadama, ina sauraron Archie Roach daga farko.