Daga Tywyn zuwa Nant Gwernol tare da 'yan sa-kai

Na isa Tywyn, wani ƙaramin gari a bakin teku a yankin Wales na Birtaniya, ta jirgin ƙasan da ke bi ta Shrewsbury da Machynlleth. Abin da ya kai ni shi ne layin dogon Talyllyn, wanda aka buɗe a 1865 don kwaso dutsen rufin ɗaki daga mahaƙar Bryn Eglwys. Da mai shi, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, sai 'yan sa-kai suka karɓe shi a 1951, kuma shi ne layi na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanya. Tsawonsa bai cika kilomita 12 ba, faɗinsa milimita 686. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, kun ga wannan siriri ne ƙwarai.

Da sassafe muka hallara da 'yan sa-kai a garejin Pendre, inda ake ajiye kawunan jirgin masu aiki da tururi. Ba a kunna wuta sai an duba gilashin da ke nuna yawan ruwa a tukunya. Dalili kuwa, rufin akwatin wuta dole ya kasance a nutse cikin ruwa. Akwai wani noti mai dalma a cikinsa da aka ɗaura a rufin. Idan ruwa ya ja baya dalmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta, wannan kan jirgin ya gama aikin ranar ke nan. Bayan dubawa sai a kwashe tokar jiya, a share akwatin hayaƙi na gaba, a rufe ƙofarsa gam, don in iska na shiga ta nan wuta ba ta ja, ragowar garwashi kuma ya sake ruruwa ya lanƙwasa ƙarfe. Sannan tsumma mai kananzir, itace a kai, kwal daga baya. Awoyi ake ɗauka, kuma da gangan: ƙarfe mai sanyi in aka gaggauta masa zafi, wani sashe ya riga wani buɗewa, bakin bututu ya fara yoyo.

Kafin tashi direba ya buɗe 'yan famfunan da ke ƙarƙashin silinda. Tururin da ya huce ya koma ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, in fistin ya doke shi yana iya fasa murfin silinda. Farin tururin da masu ɗaukar hoto ke rububi a kai, wannan ne asalinsa.

Muka wuce Rhydyronen da Brynglas, muka haye gadar Dolgoch, kusa da inda ruwa ke zubowa daga dutse. A ganina aikin da ya fi riƙe layin shi ne wanda fasinja ba ya gani, wato na masu gyaran dogo. A kowace mahaɗa akwai faranti biyu na ƙarfe da suka rungume dogayen. Ana kwance notocin, a goge tsatsa, a shafa mai, a mayar. Dogo mai mita 100 yakan ƙara kusan milimita 12 idan zafi ya hau da digiri 10, don haka in mahaɗa ta cije, ba inda zai miƙe sai ya karkace gefe. Katakon da ke ƙarƙashin dogo kuwa in ya ruɓe, kusa ba ta kama shi, dogaye su buɗe, ƙafar tarago ta faɗa tsakani. Sai a yashe tsakuwa, a ɗaga dogo da jak, a zare tsohon ta gefe, a zura sabo, a auna faɗi da sandar awo kafin a buga kusa, a cusa tsakuwa ƙarƙashinsa har ya zauna daram. Wanda ya yi ha'inci a cusawar, damina ɗaya za ta tona shi, wurin ya lotsa. Ruwan sama a Wales ba ya hutu, shi ya sa yasar magudana ke cin lokaci sosai.

Daga Abergynolwyn zuwa Nant Gwernol sai a 1976 aka fara kai fasinja. A can aka kwance kan jirgin, ya zagayo ya kama ɗaya ƙarshen. Damuwar da na tarar ana yi ita ce ta kwal, tunda mahaƙar Ffos-y-fran da irin waɗannan layuka ke dogaro da ita an rufe ta a 2023. Kwal mara kyau yakan narke ya daskare a kan ƙarafan murhu, ya toshe iska, tururi ya ragu ana tsakiyar hawa, mai zuba kwal ya koma farfasa shi da dogon ƙarfe.